Neman shawara: na sa wa motata filtar iska ta ƙasa, ga damina ta kankama

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da Corolla ƙirar 2006 mai inji 1.8. A watan Maris na cire akwatin filtar iska na asali, aka sa mini irin mai siffar mazurari, da dogon bututun ƙarfe da ya gangara har bayan bamba, daf da tayar gaba. An ce a can take shaƙar iska mai sanyi, mota ta ƙara ƙarfi. Jiya da la'asar ruwa ya tare ni a nan Kano, na ratsa wani kwari da ruwa ya kwanta, motar ta riƙa shaƙewa kamar za ta mutu, can ta dawo daidai. Da safe na taɓa filtar, a jiƙe take sharkaf. Da motar nan nake kai yara makaranta, ga Agusta na tafe. In cire ne, ko da dabarar da zan yi in bar ta?

Bakanike daga Kaduna: Wa alaikumus salam. Malam, Allah ne ya tsare ka jiya. Fistin, wato ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin silindar inji, yana iya matse iska da fetur, amma ruwa ba ya matsuwa. Injinka silinda huɗu ne, kowace tana ɗaukar kamar cc 450, kuma idan fistin ya kai ƙololuwa, gurbin da ya rage masa bai wuce cc 50 ba. Ka ga ruwan da bai kai rabin kofin shayi ba ya isa ya cika gurbin. Fistin ya taso da ƙarfinsa ya tarar ba wurin zuwa, sai kwanrod, sandar ƙarfen da ke riƙe da fistin, ya lanƙwashe, wani lokaci ya karye ya huda bulok, wato gangar jikin injin. Yayyafi ko feshin taya ba su cika yin wannan ɓarnar ba, ƙarancinsu ne ke sa su wuce a matsayin tururi. Abin tsoro shi ne filtar ta nutse, domin a lokacin bututun ya zama tsinken zuƙar lemo. Taka kuwa tana ƙasa, ko ruwan da bai kai rabin taya ba yana iya cim mata, balle idan tirela ta wuce ta turo maka igiyar ruwa. Kafin ka sake fita, zaro sandar awon baƙin mai. In ka ga ya yi fari-fari kamar shayi da madara, kada ka tayar.

Mai Honda: Ɗan'uwa, ni abin ya same ni bara. Motar ta mutu a tsakiyar ruwa, ni kuma hankalina ya tashi saboda iyalina na ciki, na yi ta murɗa makulli. A karo na uku na ji ƙwas. Inji guda na saya. Bakanikena ya ce da na haƙura na kira janwe, an kwance fulogogi an juya injin ruwan ya fito ta ramukan, an canza baƙin mai, mai yiwuwa da ya tsira. Don Allah duk wanda motarsa ta mutu a ruwa, ya zare makulli.

Ɗan Abuja: Ni ban ce lallai sai ka koma na asali ba. Akwai gajeren bututu da ke barin filtar a sama cikin bonet, shekara biyu ina da shi ban ga matsala ba. Sai dai iskar zafin inji yake shaƙa, ƙarfin da ake nema ba ya samuwa. Akwai kuma rigar da ake sa wa filta, tana tare feshi, amma in an nutse ba ta hana komai.

Hajiya mai Camry: Ƙanena, ka tuna da hunturu ma. Da yawa daga filtocin nan mai ake shafa musu don su kama ƙura, in ya yi yawa yakan ɓata na'urar awon iska da ke kan bututun, mota ta fara cin mai tana kunna fitilar inji. Motar kai yara ce, ka mayar da kayanta.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Na duba baƙin man, kalarsa lafiya. Matsalar ita ce akwatin asalin ba ya hannuna, a gareji na bar shi, an ce ba a gan shi ba.

Bakanike daga Kaduna: Ka je Kofar Ruwa ka nemi na Beljiyam, ka ce na injin 1ZZ, sunan injin motarka ke nan. Ka karɓa da murfinsa da tiyonsa da maƙallansa, ka duba babu tsagewa, ka sa sabuwar filta ta takarda. A goge na'urar awon iskar da feshinta na musamman, kada a taɓa ta da fetur ko tsumma. Kafin ka samu, sa a kwance dogon bututun a ɗaure filtar a sama, bayan ta bushe sarai. In kuma ka ji wani ƙwanƙwasa a injin da ba ka saba ji ba, a gwada matsin kowace silinda kafin ka ci gaba da hawa.