Tafiya Lees Ferry a mota daga Flagstaff, wa ya taɓa bin hanyar?

Dan_Zazzau:
Salamu alaikum jama'a, dan Allah mazauna Arizona ina neman shawara. Muna so mu je Lees Ferry, wato tsohon wurin fito a bakin kogin Colorado, ni da iyali a watan Yuli, ƙaramar mota ce dani, hanyar zata biyu kuwa? Ko mu tsaya Horseshoe Bend, inda ake kallon lanƙwasar kogin daga sama, kawai mu juyo?

Baban_Sadiq:
Wa alaikumussalam malam. Kwalta ce har bakin kogi. Ka ɗau titi mai lamba 89 ka yi arewa, ka sha mai a Cameron, in ka kai Bitter Springs sai ka hau 89A, daga nan zaka fara hango duwatsun Vermilion Cliffs jawur dasu, ka tsallaka Navajo Bridge ka karya dama ka gangara, wajen awa biyu da rabi ne. Amma ka tsaya a gadar, biyu ne a jere, tsohuwar ta 1929 yanzu ta masu ƙafa ce, kogin Colorado na can ƙasa sama da mita 140, wani lokacin har manyan ungulayen nan condor ake gani a jikin ƙarafunan.

Ummu_Hanifa:
Yaya Yuli fa kace, da yara? Zafi yana wuce digiri 40 kuma inuwa tayi ƙaranci, ga lokacin ambaliya ne, sai ayi ruwa can nesa kwari ya cika ba zato. Ku ɗebi ruwan sha da yawa ku fita da asuba. Kar a bar yara su shiga kogin, daga ƙasan dam ɗin Glen Canyon ruwan yake fitowa, sanyi ƙarara ga ƙarfi.

Malam_Na_Tempe:
Ɗan'uwa kar ka tsaya Horseshoe Bend kawai, can hoto ne zaka ɗauka ka tafi. Lees Ferry nan ne duwatsun suka sauka har keken doki ke iya kaiwa bakin ruwa ta kowane ɓangare, shi yasa 'yan ɗarikar Kirista ta Mormon suka sa kwalekwalen fito a 1873 ƙarƙashin John D. Lee, wanda aka zartar wa hukuncin kisa a 1877 kan kisan kiyashin da aka yi wa matafiya a Mountain Meadows. An yi ta fito har 1928 da jirgin ya kife mutum uku suka rasu. Har yau daga nan masu shiga Grand Canyon ta ruwa ke tashi, kuma nan ne iyakar da yarjejeniyar 1922 ta sa wajen rabon ruwan kogin tsakanin jihohi bakwai. Ka kai yara gonar Lonely Dell da ke nan kusa su ga tsoffin gidajen.

Dan_Zazzau:
Allah ya saka da alheri, Hajiya na ji maganarki zamu ɗaga zuwa Oktoba in sha Allah. Kwana fa, garin Page yafi ko ƙauyen Marble Canyon?