"Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga": wane bangon ake nufi?

Ɗan Kurmi:
Assalamu alaikum jama'a. Jiya da daddare a majalisarmu ta bakin shago gardama ta kaure kan rigimar kuɗin tsaron iyaka a Amurka, wadda ta sa aka rufe gwamnati a mulkin Trump na farko. Wani abokinmu ya ce ai Trump na da gaskiya da ya kafe sai an ba shi dala biliyan 5.7 ya gina katanga tsakaninsu da Meksiko, ya rufe baki da cewa "sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga". Kowa ya yi shiru kamar magana ta ƙare, amma ni tun jiya abin bai kwanta min ba, ji nake kamar an sa wa karin maganar rigar da ba tata ba. Malamai a taimaka, nan ne muhallinta?

Malam Bazazzagi:
Wa alaikumus salam. Ɗana ba nan ne muhallinta ba. Tun muna yara ba mu taɓa jin dattijo ya faɗi wannan magana yana nufin bangon laka ko na siminti ba. Ana faɗinta ne in wa da ƙani sun ɓata har bare ya samu bakin sa baki, ko mata da miji sun saɓa munafuki ya shigo da gulma. Bangon nan zumunci ne da haɗin kan mutanen gida. To in ma za a kai ta Amurka, tsagewar tana can Washinton, tsakanin fadar shugaban ƙasa da majalisa.

Na-Kwanni:
Malam Allah ya ƙara lafiya, amma a yi min afuwa ni ban yarda an yi kuskure ba. Karin magana ai daga abin da ido ke gani ake ɗauko ta, wanda ya fara faɗinta sai da ya ga ƙadangare ya shige tsagar bango da idonsa. Ni ɗan bakin iyaka ne, na san yadda hanyar daji ɗaya ke lalata aikin shingaye goma. Iyakar Amurka da Meksiko ta haura kilomita 3,000, in mutum ya ce a toshe kafa meye laifinsa don ya ara wannan maganar?

Hajiya Malama:
Ɗan'uwa Na-Kwanni, bari in kawo yadda abin ya gudana sai mu auna. A Amurka gwamnati ba ta da ikon kashe sisi sai majalisa ta amince, in wa'adin kasafi ya ƙare ba a sabunta ba dole ma'aikatun da abin ya shafa su tsaya. Kuma a majalisar dattawa yawanci sai an samu ƙuri'a 60 cikin 100 kafin irin wannan doka ta wuce, shi ya sa jam'iyya ɗaya ba ta iya yin gaban kanta. Ranar 22 ga Disamba 2018 kuɗin wasu ma'aikatu ya ƙare, ba a buɗe ba sai 25 ga Janairu 2019, kwana 35 cur. Ma'aikata kusan 800,000 ba albashi, wasu an ce su zauna a gida wasu kuma dole su fito aiki a haka. Yanzu ga abin da nake so ka duba, cikin ma'aikatun da aka rufe har da ta tsaron cikin gida, wato jami'an sintirin iyakar da ake rigimar dominsu su ma aiki suke ba a biyansu, haka dakarun tsaron gaɓar teku, haka masu binciken kaya a filayen jirgi. Kotunan shige da fice sun ɗage dubban shari'o'i, har manhajar E-Verify da kamfanoni ke duba ko ma'aikaci na da izinin aiki ita ma ta tsaya. To fisabilillahi a cikin kwana 35 ɗin nan bangon ƙara ƙarfi ya yi ko tsagewa?

Baba Direba:
Hajiya kin taɓo min inda ke min ƙaiƙayi. Ina New York lokacin, ina jan tasi. Wata asuba cikin tsakiyar Janairu, sanyi kamar zai cire kunne, na ɗauki wata baiwar Allah mai binciken kaya zan kai ta filin jirgi, tana sanye da kayan aiki ta riƙe ɗan kwanon abincinta a cinya. Tun daga unguwar Bronx har muka isa tana waya da mai gidan haya tana roƙonsa ya ƙara mata sati biyu, ta ce takardar albashinta ta fito amma sifili ne a jiki. Da za ta sauka sai da ta zazzage jaka tana haɗa canji, wallahi na ce ta bar shi. Ni tun ranar duk wanda ya zo min da zancen wa ya ci wa ya faɗi a rigimar nan, fuskar matar nan nake gani. Ni a wurina karin maganar da ta dace ita ce in giwaye biyu na faɗa ciyawa ke shan wahala.

Malam Bazazzagi:
Allah ya saka maka da alheri Alhaji. Ma'anar ta zauna daram, sai dai wannan ta giwaye ni a rediyo na fara jinta, ban taso na ji ta a bakin kakanni ba, ina kyautata zaton aro ce daga wasu 'yan'uwanmu na Afirka. Ba laifi ba ne aro, amma tunda muna da namu, ni da zan zaɓa sai in ce garin neman ƙiba an samo rama.

Na-Kwanni:
Malam wa ya rame a ciki? Ai daga baya an biya ma'aikatan kuɗinsu.

Hajiya Malama:
An biya ma'aikatan gwamnati kam, an ma yi doka a Janairun 2019 da ta tabbatar musu da hakan. Amma 'yan kwangila fa, masu shara da masu gadi da masu dafa abinci a gine-ginen gwamnati, dokar ba ta haɗa da su ba. Ofishin kasafi na majalisar ya ƙiyasta asarar dala biliyan 11, kusan biliyan 3 daga ciki ba za ta dawo ba. Shi kuma mai neman ƙibar, wato Trump, kafin a rufe akwai ƙudurin majalisar dattawa mai ɗauke da biliyan 1.6 na shinge, bayan an sha wannan wahala aka zauna aka sasanta a Fabrairu sai ga biliyan 1.375, na shinge mil 55 a kwarin Rio Grande. Ka ga ƙasa da abin da ke kan tebur tun farko. Ranar 15 ga Fabrairu ya sa hannu, a ranar kuma ya ayyana dokar ta-ɓaci don ya ɗebo kuɗi daga wasu wuraren har da na gine-ginen soja, aka shiga kotu. In wannan ba rama ba ce ban san sunanta ba.

Na-Kwanni:
To na ji wannan, amma gaskiya ku ma kun ɗora wa mutum ɗaya kaya duka. Su Nancy Pelosi da Chuck Schumer, jagororin jam'iyyar Dimokurat a majalisa a lokacin, ai su ma kafewa suka yi sun ce ba za su tattauna kuɗin katanga ba sai an buɗe gwamnati, hannu ɗaya ba ya tafi. Kuma matsalar iyakar ba ƙirƙira ba ce, ga shi a Fabrairun 2024 sanatoci daga jam'iyyun biyu sun haɗa ƙudurin tsaron iyaka amma ya mutu a majalisar dattawa, wannan karon yawancin 'yan Rifablikan, jam'iyyar Trump, ne suka ƙi. Kowa na son matsalar ta zauna ya ci zaɓe da ita.

Malam Bazazzagi:
To ai ka dawo kan maganata ɗana, wannan da ka lissafa ita ce tsagewar bangon da Bahaushe ke nufi. Abin da ban yarda da shi ba kawai shi ne a ɗauki maganar da aka yi don a haɗa kan 'yan gida a mai da ita hujjar kafewa har gida ya tsaya.

Ɗan Kurmi:
Na gode ƙwarai, na ƙaru. Tambaya biyu suka rage min, me ya sa mu a Najeriya kasafi kan makara amma ba mu taɓa jin an rufe gwamnati ba? Sannan me ya sa suka buɗe a ranar 25 ɗin?

Hajiya Malama:
Sashe na 82 na kundin tsarin mulkin 1999 ne, ya ba shugaban ƙasa damar ci gaba da kashe kuɗi har wata shida bisa ma'aunin kasafin bara in sabo bai fito ba, su kuma Amurka ba su da irin wannan ƙofar, sai dai majalisa ta yi musu kasafin wucin gadi na 'yan makonni.

Baba Direba:
Ta biyun ni zan amsa, don ina kan titi ranar. Juma'a ce, albashi na biyu ke nan ya wuce ba a biya ba, masu kula da zirga-zirgar jirage a sama suka yi ƙaranci a wasu cibiyoyi, aka dakatar da jiragen da ke nufin filin jirgin LaGuardia da ke New York na ɗan lokaci, wasu filayen ma aka samu jinkiri. Mun yi layi a wajen ɗaukar fasinja mun fi awa babu mai fitowa, kowa ya kunna rediyo a mota yana saurare. Kafin la'asar sai ga Trump ya fito ya ce an amince a buɗe na sati uku a ci gaba da tattaunawa, ba tare da kuɗin katangar ba.