Ƙafar kiren ɗina ta ɗaga sama jiya, gobe kuma akwai wani aikin

Sabon direba: Assalamu alaikum 'yan uwa dan Allah ina neman shawara cikin gaggawa, wallahi tun jiya ban samu barci ba. Ni asalina direban babbar mota ne shekara shida ina tuƙi ban taɓa ko gogar mota ba, to wata huɗu da suka wuce wanda ke aiki da kiren ɗin (injin ɗaga kaya) dake bayan motarmu ya ajiye aiki saboda rashin jituwa da oga akan kuɗin kwana, shine oga yace ai ni na sha ganin yadda yake yi in karɓa kawai, ni kuma ga iyali ga hidima ban iya cewa a'a ba, kuma tsakani da Allah mutumin ya taimake ni lokacin da mahaifiyata ta kwanta asibiti. Kiren ɗin ƙarami ne mai tan 3. Jiya mun je ɗauko wani tankin ƙarfe akace babu komai a ciki, na ɗaga lafiya lau, ina juyawa dashi gefe sai naji motar ta karkata na waiga naga ƙafar ƙarfen dake tokare motar a ɗaya ɓangaren ta bar ƙasa kusan taku guda, tankin yana ta lilo ga yaron aikina tsaye kusa dashi. Da ƙyar na sauke. Gobe akwai murfin kankare da zamu ɗora akan wani rami, oga yace bai wuce kilo 700 ba. Ya zan yi kar abin ya maimaita?

Tsohon hannu: Wa alaikumus salam. Yaro ka gode wa Allah. Amma tambayarka ba ta cika ba, mita nawa ne daga gindin kiren zuwa tankin? Ƙafafun ka fitar dasu duka har ƙarshe? Me ka shimfiɗa a ƙarƙashinsu? Wannan tan 3 da kake faɗa yana nan ne kawai idan kaya na dab da motar kuma hannun kiren a tattare. Lissafin nauyi ne sau nisa. Abin da ya ɗauki tan 3 a mita 2, idan ka miƙa shi mita 6 ko tan 1 ba zai kai ba domin shi kansa hannun nauyi ne. Jeka duba jadawalin nauyi, yana nan manne kusa da inda kake tsayawa kana jan liba.

Mai walda: Ogannin nan duk halinsu ɗaya. Ni nawa wata uku yana riƙe min kuɗi, ranar da tartsatsi ya shiga idona ko sannu bai ce ba sai tambaya yake yaushe zan dawo. Ɗan uwa ka ajiye masa makullinsa, idan abu ya faru kai za'a kama shi yana gida kwance.

Sabon direba: Baba na duba jadawalin, ya ɗan goge amma ana iya karantawa, a mita 6 an rubuta kilo 800. Ƙafa kuma ɓangaren da na juya akwai katanga shi yasa rabi na fitar, ba sakaci bane wurin ne ya matse. Kuma ni ban ga laifina ba tunda ce min akayi tankin babu ruwa, daga baya muka tarar ruwa ya kai rabi.

Tsohon hannu: To ka faɗi komai da bakinka. Lambobin da ka karanta na ƙafa ne a buɗe gaba ɗaya, rabin ƙafa lissafinta daban kuma ƙasa yake sosai. Sannan ruwa kowace lita kilo ɗaya ce, in tankin mai lita 2000 ne rabinsa tan guda kenan da baka saka a lissafi ba, ga shi ruwa baya zama wuri ɗaya, kana juyawa yana kwararawa gefe yana jan kayan. Maganar “ce min akayi” ka daina ta, mai riƙe da liba shi ke da alhakin sanin abin da ya rataya. Da ka ƙwanƙwasa tankin da hannu ma da kaji. Mu yadda aka koya mana, ka ɗaga kaya kamar tafin hannu daga ƙasa ka tsaya cak, ka kalli ƙafafu, ka kalli sarƙa, ka saurari injin, in wani abu bai maka ba ka sauke tun faɗuwar ba ta da nisa. Shi kuma yaron me ya kai shi jikin tanki? Igiya ake ɗaurawa a jikin kaya ya riƙe daga nesa yana hana shi juyi. Ƙarƙashin kaya ba wurin tsayuwar mutum bane ko na daƙiƙa ɗaya.

Wai ma tsaya, na'urar dake ƙara in nauyi ya yi yawa ba ta yi kuka ba?

Ɗan kwangila: Ni dai a wajenmu in haka ta taso buhunan yashi muke lodawa a ɗaya ɓangaren motar su danne ta, kuma bamu taɓa samun matsala ba. A riƙa sassauta wa yaron nan, kowa da haka ya koya.

Tsohon hannu: Malam kar ka koya masa abin da zai kashe shi. Karkatar motar nan gargaɗi ce, in ka danne ta da yashi nauyin bai ragu ba, ya koma kan hannu da waya da kusoshin gindi, su kuma basa gargaɗi tsinkewa kawai suke.

Sabon direba: Na'urar tun kafin in karɓa aka cire wayarta, wai tana tsayar da aiki ba gaira ba dalili. Ni ban taɓa ta ba. Murfin na gobe na auna shi da yamma, tsawo mita 2 faɗi mita 1 kauri santimita 20, kuma sai na miƙa kusan mita 6 saboda bakin ramin ƙasar sabon cike ce bana son matsawa.

Injiniya: Rashin matsawar ka yi daidai, sabuwar ƙasa tana iya zaftarewa da ƙafar. Amma lissafa: 2 sau 1 sau 0.2 ya bada 0.4, kankare kuma kusan kilo 2400 ne a kowace mita kubik, kenan kilo 960, ka ƙara sarƙa da ƙugiya. Jadawalinka 800 yace. Bai ɗauka ba. Kuma ka lura da sarƙa, in gajera ce ta baje har ta kwanta digiri 30 daga kan murfin, kowane reshen sarƙar cikin biyun yana jin nauyin kayan gaba ɗaya ne ba rabi ba. Akwai wayar lantarki a saman wurin? In baka san ƙarfinta ba ka bar tazarar mita 6, wuta tana iya tsallakowa ba sai an taɓa ba.

Mai walda: Kunga ni ko, 700 yace masa. Haka nawa yayi min da tukunyar gas.

Sabon direba: Bana jin da gangan ya faɗa, ƙiyasi yayi. Amma Injiniya ai bambancin bai kai kilo 200 ba, kuma ance masu ƙerawa suna barin rara. In na shimfiɗa katako mai kauri ƙarƙashin ƙafafun na tafi a hankali fa? Don in nace a kira babban kiren kuɗin hayarsa zai cinye ribar aikin, kuma kamar na nuna ban iya bane.

Tsohon hannu: Rarar ta iska ce da girgizar tsayawa da tsufan ƙarfe, ba taka bace. Katakon ka saka dole ne, amma baya ƙara wa hannu ko kilo ɗaya. Ka kira ogan daren nan ka karanta masa lissafin, ko a samo wurin tsayawa mai tauri da zai kusanto da kai, ko a kawo wanda ya fi naka. Kuma a mayar da wayar na'urar nan kafin ka sake ɗaga komai.

Ɗan kwangila: Baba kai ka yi ritaya shi yasa, wanda ke neman na abinci ba zai iya wannan tsaurin ba.

Sabon direba: Na kira shi sau biyu bai ɗauka ba. Wayar lantarki akwai amma ina ganin ta can gefe take, ban auna ba. Ƙarfe bakwai akace mu kasance a wurin.