Itacen sandal a maganin gargajiyar Sin: wace cuta yake yi wa, kuma yaya ake dafa shi?

Mai Neman Sani:
Salamu alaikum. Ashe Sinawa na shan itacen sandal a matsayin magani? Wane ɓangaren ake amfani da shi, nawa ake awowa, kuma ko sandal ɗin turare zai yi?

Baban Zainab:
Wa'alaikumus salam. Sunansa a wurinsu Tan Xiang, kuma farin sandal ake nufi, wato Santalum album. Zuciyar itacen kaɗai ake ɗauka, a feffere farin naman da ke kewaye da ita a zubar, don man ƙamshin ba ya can.

A lissafinsu magani ne mai ɗumi, mai ɗan yaji, aikinsa ya motsa qi, wato ƙarfin rai da suke cewa yana zagaya jiki, idan sanyi ya daskarar da shi a ƙirji ko a ciki. Shi ya sa ake ba mai ciwon ciki irin wanda ke lafawa in an sha abu mai zafi ko an gasa wurin, da mai kumburin ciki, amai da rashin cin abinci. Kundin magungunan ƙasar Sin ya ƙayyade giram 2 zuwa 5 a rana.

Wajen dahuwa ake yin asara. Amfaninsa yana cikin mai ne, shi kuwa man bin tururi yake yi. Sai sauran magungunan sun kusa nuna ake jefa shi, kamar minti 5 kafin a sauke, tukunya a rufe. In ya sha tafasar minti 30 tare da saiwoyi, ɗaki zai ɗauki ƙamshi, kofi ya tashi fanko.

Uwar Biyu:
Ƙari a kan bayanin Malam: da wuya a ba da shi shi kaɗai. Sanannen haɗinsa shi ne Dan Shen Yin, wanda likita Chen Xiuyuan ya rubuta a zamanin daular Qing. Saiwar wani tsiro da suke kira dan shen wajen giram 30, sandal da 'ya'yan wani tsiron mai suna sha ren kimanin giram 5 kowanne. Dubi ratar. Dan shen ne ke aikin jini, sauran biyun ɗan taimako ne don qi ya motsa. In aka zuba sandal da yawa, haɗin ya cika ɗumi da bushewa ke nan.

Ba a ba mai haɓo, ko mai bushewar baki da gumin dare, abin da suke kira ƙarancin yin. Dan shen kuma yana ƙara wa warfarin, maganin asibiti na hana daskarewar jini, ƙarfi har jini ya ƙi tsayawa. Ciwon ƙirji da ke sauka hannu ko muƙamuƙi kuwa na asibiti ne nan take, ba na tukunya ba.

Ɗan Kasuwa:
Sandunan turare kada ma ka soma, akwai danƙo da turaren roba a ciki. Man sandal na kwalba ma ba na sha ba ne.

Jan sandal, wanda suke kira Zi Tan, wata bishiya ce daban, aikinta daban. Ana kuma shafa wa wani itace mai a sayar da sunan sandal. Ka kankare bayansa ka shinshina: na gaske ƙamshinsa har ciki, yana da nauyi, launinsa rawaya-rawaya mai ɗan duhu, kuma yana da maiƙo a hannu.

Mai Neman Sani:
Na gode ƙwarai. To mai juna biyu fa?

Uwar Biyu:
Ta bar shi, musamman haɗin da ke da dan shen, tunda yana motsa jini.