Masu binciken teku, da wane ma'auni aka auna aikinku?

Ɗalibar Legas: Assalamu alaikum malamaina. Ina neman tallafin digiri na uku a kan gurɓacewar ruwan gaɓar teku. Fom ɗin ya ce in rubuta sau nawa wasu masu bincike suka ambaci maƙaluna a nasu rubutun, da waɗanda na yi aikin haɗin gwiwa da su a waje. Ni kuwa ban jima da fara bugawa ba. Ku da kuka riga mu, yaya aka auna ku?

Malamin kifi: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Abin da za su fi dubawa shi ne ma'aunin h, wanda Jorge Hirsch ya fito da shi a 2005. In aka ce h ɗinki 10 ne, to kina da maƙala 10 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 10. Lokacin ƙarin girmana na kai lambar h ɗina ta shafin Google Scholar ina ta murna, kwamiti ya ce ta Scopus, wani rumbun maƙalun bincike, kaɗai ya sani. Scholar yana ƙirga har da kundin ɗalibai da rahotanni, Scopus kuwa sai abin da ke cikin jerinsa. Lambata ta zube. Abin da ya fi min ciwo, rahoton da na yi a kan raguwar kifi, wanda hukuma ta yi aiki da shi, ko maki ɗaya bai samu ba.

Ɗan Zangon Takoradi: Malam, ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Na taɓa shiga jirgin bincike na Dr. Fridtjof Nansen, wanda Norwe da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya (FAO) suke tafiyar da shi, muka auna yawan kifi a Mashigin Gini. Maƙalar da ta biyo baya sunaye ne jere reras, nawa yana can tsakiya, amma ita kaɗai ta fi duk sauran ayyukana samun ambato. Alhali wahalar gaske a bakin ruwa na sha ta, ina auna tsawon kifin sardinela kwando bayan kwando tun da asuba, ina lallashin masunta su bari in taɓa kamunsu. Irin waɗannan alƙaluma ake buƙata in za a yanke shawara kamar hutun kamun kifi da Ghana ta fara sa wa masu kwalekwale a 2019. To wa zai ambace ka a kan wannan? Minista ba ya rubuta maƙala.

Mai murjani, Bur Sudan: Ku dai kun samu sunanku ya shiga. Wasu baƙi sun zo nazarin murjani, wato halittun da ke gina duwatsu a ƙarƙashin teku, a Bahar Maliya, ni na nemo musu izini da kwalekwale, ni na nuna musu wuraren nutso, har na taya su tantance nau'o'i. Da aikin ya fito sai na tsinci sunana a sashen godiya, kusa da na direba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kuma ba ni kaɗai ba ce: wani nazari a mujallar Current Biology a 2021 ya nuna kusan kashi 40 cikin 100 na maƙalun murjani da aka yi aikinsu a Indunisiya da Filifins babu ɗan ƙasa ko ɗaya cikin marubutansu.

Tsohon injiniya: Hajiya, Allah ya huci zuciyarki, amma kada mu tsorata yarinyar nan. Teku ba ta binciko da aljihun mutum ɗaya. Dubi shirin Argo: na'urori kusan 4,000 suna yawo a tekunan duniya, kowacce tana nutsewa mita 2,000 duk kwana 10, bayanansu kuma kyauta ne. Da su na yi aikin da aka fi ambata min, ban taka jirgi ba. Sannan tun sanarwar DORA ta 2012, wadda ta nemi a gyara yadda ake auna aikin masu bincike, wasu masu ba da tallafi sun rage dogaro da sunan mujalla, suna so ka bayyana da kanka abin da aikinka ya canza. Ni a irin wannan fom na sa horar da ɗalibai da gyaran na'urar auna tashin ruwa, kuma an karɓa.

Mai murjani, Bur Sudan: Baba, ban ce ta guje su ba. Yanzu ni kafin a ɗaga anga sai an rubuta wa zai shiga jerin marubuta, kuma a hannun wa samfura za su zauna. Wanda ya ƙi, ya nemi wani ɗan jagora.

Ɗalibar Legas: Na gode ƙwarai. Bayanan gishirin ruwa da na tara a tafkin Legas fa, suna da wurin shiga fom ɗin?

Tsohon injiniya: Suna da shi, 'yata. Ki ɗora su a rumbun Zenodo ko PANGAEA, za a ba su lambar DOI, wato lambar shaida ta dindindin a intanet, duk wanda ya yi amfani da su zai iya ambatonki. Ki buɗe ORCID kuma, wato lambar shaidar mai bincike, don kada a raba aikinki gida biyu saboda bambancin rubuta suna. Amma ki fara neman izinin mai duba aikinki.