Da gaske ranar da muke gani tana faɗuwa ta riga ta faɗi?

Ɗan Ader: Salamu alaikum. Jiya a Tahoua muna jiran shan ruwa, ƙanena ɗan lise ya ce wai ranar da muke kallo a bakin sama ta riga ta shige, iska ce ke nuna mana ita. Na ce ya yi mini shiru. Masana, haka ne?

Malamin Lissafi: Wa alaikumus salam. Yaron nan ya yi gaskiya. Haske na lanƙwasa in ya ratso iska, kamar yadda cokali ke bayyana a karye cikin kofin ruwa. A bakin sama lanƙwasar tana ɗaga rana wajen minti 34 na digiri (ma'aunin kusurwa ne, digiri 1 minti 60 ke nan), faɗin ranar kanta kuwa wajen 32 ne. Ke nan lokacin da gindinta ya taɓa ƙasa a idonka, duk jikinta na ƙasa. Duniya na juya digiri 1 cikin minti 4 na agogo, don haka a ƙasarmu jinkirin minti 2 ne da ɗoriya. Da safe kuma ta riga lokacinta fitowa. Ka lura tana ɗan bajewa dab da faɗuwa? Gindin ya fi saman ɗaguwa.

Hajiya ta Niamey: To Malam, azuminmu fa?

Malamin Lissafi: Kwantar da hankalinki, Hajiya. Ɓacewar rana a ido ake bi, jadawalin salla ma ya lissafa wannan, wato lokacin da tsakiyar rana ke digiri 0.833 ƙasa da bakin sama.

Ɗan Ader: Mu da hazo ke haɗiye mana rana tun la'asar sakaliya, sai dai mu jira ladan. Bari in kira yaron.