Tambaya kan dabarun samun ɗa namiji: ƙirga kwanaki da tsarki da ruwan kanwa

Maman Nana, Birni:
Assalamu alaikum. 'Ya'yana huɗu duka mata ne, kuma dangin maigidana sun fara yi mini habaici a kan haka. Wata maƙwabciya ta ce in riƙa ƙirga kwanaki domin mu sadu daidai ranar fitar ƙwai, in kuma yi tsarki da ruwan kanwa kafin saduwa. Ina roƙon masu sani su gaya mini ko wannan yana da tushe.

Ungozoma, Zango:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kanwar nan ki rabu da ita tun yau, domin gaban mace yana da tsaminsa na halitta wanda ke hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa, kanwa kuwa tana kashe wannan tsami, ta jawo ƙaiƙayi da raɗaɗi da ciwon sanyi. Batun ƙirga kwanaki ya samo asali ne daga wani likitan Amurka, Landrum Shettles, wanda ya ɓullo da shi a shekarun 1960, yana cewa maniyyin da ke kawo namiji ya fi sauri amma bai daɗewa. Binciken da aka buga a 1995 kan mata 221 a Amurka bai sami wata alaƙa tsakanin ranar saduwa da jinsin jariri ba. Ƙirgar tana taimaka wa mai neman ciki, amma ba ta zaɓen jinsi.

Malamin kimiyya, Damagaram:
Abin da ya fi damuna shi ne ɗora wa mace laifi. Ƙwayoyin gado biyu da ake kira X da Y ne ke tantance jinsin jariri. Ƙwan mace kullum X yake ɗauke da shi, maniyyin miji ne ke zuwa da X (a haifi mace) ko Y (a haifi namiji), kuma shi ma mijin ba shi da ikon zaɓa. A duniya ana haifar maza kusan 105 a kan kowace mata 100, saboda haka ko bayan mata huɗu, ciki na gaba kusan rabi da rabi ne. Baiwar Allah, ki roƙi maigida ya raka ki asibiti ya ji wannan daga bakin ma'aikata.

Hajiya Babba, Sabon Gari:
'Yata, ki sa a karanta wa surukanki aya ta 49 da ta 50 a Suratus Shura, inda Allah ya fara ambaton kyautar 'ya'ya mata kafin maza. Kada neman namiji ya sa ki jera haihuwa ba hutu. Ma'aikatan lafiya suna cewa a jira wata 24 bayan haihuwa kafin wani ciki, kuma yaran nan huɗu suna bukatar uwarsu da lafiyarta.